Aloysius Mai Rewaya da Fitilar da Ta Ƙi Mutuwa

Daga Gwantu har Zonkwa babu wanda ya san wutar mota kamar Aloysius mai rewaya. An fi shekara talatin ana jin wannan magana a layin makanikai na Kafanchan, kuma duk wanda ya ji ta, daga bakin Aloysius ya ji.

A kwatas ɗin reluwe aka haife shi, shekara biyu kafin yaƙin basasa. Mahaifinsa mutumin gabas ne, aikinsa kula da fitilun sigina: ya hau tsani, ya goge gilashi, ya datse lagwani, ya zuba kananzir, ya sauko. Da yaƙi ya tashi suka gudu gida, da ya ƙare suka dawo suka tarar da wasu a ɗakinsu, tsohon ya koma kan tsaninsa. Abu biyu Aloysius ya gada wurinsa: dogon wuya, da imanin cewa fitila ba ta yin abin da ta ga dama. In ta mutu akwai dalili, in ta kama akwai dalili, kuma dalilan suna nan a jere, sai dai mutum ya yi ƙyuyar bin su.

Ya koyi aiki a zamanin Fijo, lokacin da mutum zai iya bin waya da yatsa tun daga batir har fitilar baya bai ɓata ba. Ƙa'idarsa ɗaya ce, a fara da fis, ɗan abin nan mai siririn ƙarfe a ciki da yake ƙonewa don kada mota ta ƙone. Sauran masu rewaya in sun ga fis ya ƙone, sai su yagi farar takardar kwalin sigari ko zaren waya su cusa a gurbinsa, direba ya tafi cikin minti biyu. Aloysius bai taɓa yin haka ba. Sai ya zaunar da direba ya yi masa wa'azi, ya tura shi kasuwa ya nemo fis mai lambar da ta dace, sannan ya bi wayar ya gano abin da ya ƙona na farkon. Direbobi suna girmama shi ƙwarai saboda wannan hali, suna kuma kai motocinsu wurin wasu.

Yana da rumfar kwano a bakin titi, wadda ta fi kowace rumfa a layin kyawun wuri, domin duk motar da ta shigo ita take fara gani. Ƙungiyar makanikai ce ta ba shi filin tun layin yana ciyawa. Yana da mata, Oby, mai sayar da gari da manja a kasuwa, da 'ya'ya uku da suka watse kudu. Yana kuma da wani sirri. Shekara uku ke nan farar yana tana rufe masa ido, ta fara da na hagu, ta haura na dama. Ba ya iya karanta lambar da ke bayan fis, ba ya bambanta ja da ruwan ƙasa. Da ƙarar inji yake gane masu zuwa, testa kuma, ɗan ƙwan fitilar da ake gwada wuta da shi, sai ya kai shi dab da hancinsa kafin ya san ko ya kama. Ya riƙe sirrin nan da kyau. Duk layin sun taya shi riƙewa, tun ranar da ya tsaya ya gaida tulin tayoyi har da tambayar iyali.

Wanda ya fi kowa damuwa da lafiyar idonsa shi ne Jamiluddeen, mai rewaya ɗan shekara talatin da wani abu, wanda yake aiki can ƙarshen layi a ƙarƙashin lema, da kwamfutar da ake sokawa a ƙasan sitiyari ta faɗi ciwon mota. Sau huɗu Jamiluddeen yana kai wa shugaban ƙungiya maganar cewa bai kamata a bar dattijo yana wahala a bakin titi ba. Shugaban, Ƙasimu mai fanel bita, abokin Aloysius ne tun suna samari. Sau uku ya ce a yi haƙuri.

Ranar wata Talata da hantsi Mama Hulda ta shigo layin da fitilunta a kunne. Tsohuwar hedimasta ce, yanzu tana sarin citta, ɗanta ya aiko mata da doguwar mota mai ruwan toka ta hanyar Kwatano. Ta tsaya gaban rumfar farko da ta gani.

"Waye mai wuta a nan?"

"Gani, Mama. Sannu da zuwa."

"Ba sannu ba. Ka ga motan nan? Rana tsaka, fitila yana ci. In na kashe, na sake tada mota, ya kama da kansa. Daga gida zuwa nan mutum tara sun yi mini haka." Ta buɗe tafin hannu ta rufe, ta buɗe ta rufe, irin alamar da mutanen bakin hanya suke yi wa direban da ya manta fitila. "Jiya a hanyan asibiti wani tsoho ya cire hula ya tsaya. Wata mata ta leƙo ta taga, wai Mama wa ya rasu? Ni! Na ce mata uwarki."

Ba laifin matar ba ne. A ƙasar nan, mota mai fitila da rana a hanyar mutuware gawa ta ɗauko, ko tana bin wadda ta ɗauko.

"Ranar Asabar auren 'yata a Zonkwa," in ji Mama Hulda. "A motan nan za a kai ta coci. Ba zan kai amarya kamar gawa ba, Yesu ya tsare."

"Tun yaushe ya fara?"

"Tun Lahadin da fasto ya yi masa addu'a. 'Yan zumuntan mata suka ce hasken albarka ne. Albarka ya isa haka."

Aloysius ya yi murmushin da yake yi wa duk wanda ya kawo addu'a cikin maganar waya. Ya ce ta dawo gobe.

Tana tafiya Ƙasimu ya zo ya zauna a kan bencinsa, ya daɗe yana goge hannu da tsumma. Ya ce Jamiluddeen ya sake zuwa, kuma wannan karon kwamiti ya zauna.

"Ni ban so ba, Aloy, Allah ya sani. Amma na tsaya maka. Na ce a bari ka nuna musu. Motar nan ta fita ran Juma'a a gyare, rumfa taka ce har ka mutu, babu mai ƙara magana. In ba ta fita ba, Litinin ka kawo makulli."

"Fitila ne kawai, Ciyaman."

"Shi ya sa na ce wannan motar."

Aloysius ya buɗe bonet ya fara da fis. Akwati biyu ne, ɗaya kusa da batir, ɗaya a ƙasan sitiyari, fis arba'in da biyu gaba ɗaya. Ya maƙala wayar testa a jikin ƙarfe, ya riƙa taɓa kowane fis baki biyu, yana ɗaga ƙwan zuwa hancinsa. Wuta tana shiga, wuta tana fita. Na ƙasan sitiyari sai da ya kwanta rigingine, ƙafafunsa a waje, dogon wuyansa a lanƙwashe tsakanin birki da totur.

Da azahar Jamiluddeen ya ratso, yana cin rake. Ya tsaya gaban motar, ya leƙa ta gilashin gaba, bai kai tsawon tauna biyu ba. A kan dashbod akwai shimfiɗa ta ulu, saƙar hannu, ja da fari, mai geza, an rubuta AIKIN UBANGIJI NE a tsakiya. Zumuntar mata ce ta ba Mama Hulda ranar addu'ar mota. Ta rufe dashbod ɗin tun daga sitiyari har gindin gilashi, har da wani ɗan baƙin ƙullutu kamar ƙwallon dabino da ke can tsakiya. Da shi motar take gane haske. In ya ga duhu sai ta kunna fitila. Mako biyu ke nan yana ƙarƙashin ulu, motar tana zaton dare bai ƙare ba.

"Sannu da aiki, Baba Aloy. Amma ni a sanina fis in ya ƙone kashe wuta yake yi, ba ya kunna ta."

"Akwai fis da yake ba ƙwaƙwalwan mota wuta," muryar Aloysius ta fito daga ƙasan sitiyari. "In ya ƙone, mota ya rikice. Kwamfutanka bai gaya maka ba?"

"Wallahi bai gaya mini ba. Kullum muna koyo wurinku."

Ya wuce da rakensa. Kafin la'asar masu faci sun sani, masu fenti sun sani, mai sayar da kunu ta sani. Ƙasimu ma ya sani. Ya girgiza kai ya ce wannan abu bai yi daɗi ba, sannan ya sa aka matso da benci biyu inuwar mangwaron da ke kallon rumfar.

Duk fis arba'in da biyun lafiyarsu ƙalau. Batir yana ba da wuta daidai. Wayar da ke ɗaure a jikin ƙarfe ba ta yi tsatsa ba. Ranar Laraba Aloysius ya canza rile, ɗan makunnin da ke sakar wa fitila wuta, fitila ta ci gaba da ci. Sai ya yanke shawarar buɗe dashbod. Ya ɗaga shimfiɗar ulun da hannu biyu, domin ya san kayan coci in ya taɓa, ya ninke ta huɗu ya ajiye a kujerar baya. Ya kwance sukurori, ya zura hannu, ya laluba, ya sami wani soket da ya ji kamar ya ɗan saki, ya danna shi. Ya tada mota. Ya zagaya gaba ya ɗora tafin hannu a kan gilashin fitila, ya kai fuska kusa.

Babu wuta.

Ya kashe ya sake tayarwa. Babu wuta. Ya miƙe tsaye, ya juya wajen inuwar mangwaro inda yake jin motsin mutane.

"Soket!" ya ce da ƙarfi. "Soket ne! A gaya wa mai kwamfuta!"

Aka tafa masa. Wani ya yi fito. Jamiluddeen da kansa ya zo ya riƙe hannunsa ya ce, "Tsohon hannu, tsohon hannu."

Aloysius ya mayar da sukurori ɗaya bayan ɗaya, ya goge dashbod da tsumma mai tsabta, ya kakkaɓe shimfiɗar, ya baza ta, ya daidaita gezarta, ya tura bakinta har gindin gilashi don kada ta zame. Mahaifinsa ya koya masa cewa aiki bai ƙare ba sai an mayar da komai yadda aka same shi.

Mama Hulda ta sauka daga keke da yamma. Ya miƙa mata makulli da hannu biyu. Ta tada mota. Fitilu biyu suka haska bangon rumfar. A inuwar mangwaro wani ya ƙware da kunu, sai da aka bubbuga masa baya.

"Wannan ne gyaran?"

"Mama, ya mutu ɗazu. Kowa ya gani."

"Mun gani, Mama," aka amsa daga benci. "Mu shaida ne."

"To ya tashi daga matattu ke nan. Ka ji ni da kyau, Oga. Juma'a ƙarfe huɗu za a zo a ɗaura masa ribon."

Alhamis ta zama kamar Laraba, sai dai ta fi tsawo. Ya ninke shimfiɗa, ya buɗe dashbod, ya farke baƙin tef ɗin da ya naɗe wayoyi, ya bi su da yatsa kamar zamanin Fijo, sai dai waɗannan sun fi saba'in kuma duk kaurinsu ɗaya. Ya tada mota, fitila ta mutu. Wannan karon bai yi ihu ba. Ya bar ta tana aiki awa guda, yana zagayawa yana taɓa gilashin. Ya mayar da komai. Ya baza shimfiɗa. Kafin ya zagayo gaba ya ji ɗumi a tafin hannunsa. Ya tsaya a wurin, hannunsa a kan fitilar, ya daɗe. Masu kallo sun ƙaru a ranar, har da direbobin da ba su da abin gyara. Ƙasimu ya aiko masa da ruwan sanyi.

Da ya koma gida, Oby ta ajiye masa tuwon gari da miyar ganye, ta zauna nesa kaɗan. Labari ya riga ya kai layin masu manja tun da rana.

"Baban Kachi," ta ce, "na ji wani abu a kasuwa. Wai motan nan, ba waya ba ne. Wai akwai wani zane a gaba..."

"A kasuwa."

"Larai mai daddawa ta ce mijinta ya ce..."

"Larai mai daddawa. To gobe sai ta zo da daddawanta ta gyara. Ke ma ki zo da mudu. Shekara talatin da biyar ina wannan aiki, ban taɓa shiga rumfanki na ce gari ya yi tsami ba."

Oby ta dube shi yana laluben kofin ruwa a gefen da babu kofi. Ta tura masa kofin kusa da hannunsa. Ta bar maganar zanen a nan, kuma ita ma tana da dalilanta, na shekara talatin da biyu na aure.

Ranar Juma'a bai buɗe dashbod ba. Ya zauna a cikin rumfa har rana ta karkata, yana juya testa a hannu. Ya san inda fis ɗin fitilun gaba suke, ya ƙirga su da yatsa ranar Talata: layi na biyu, na uku da na huɗu daga hagu. Ya san abin da ake kiran mai rewayan da yake zare fis ya ce ya yi gyara, domin shi ne ya fi kowa kiran sunan a layin nan. Ya kuma san biki da rana ake yi. Ya gaya wa kansa cewa ranar Litinin zai je har gidanta ya mayar, ya ce duba lafiya ya zo yi. Ƙarfe uku da rabi ya buɗe bonet kamar mai duba ruwan batir, ya zare su biyun da filaya, ya zura a aljihun gaba.

Mama Hulda ta iso da mata biyu riƙe da ribon da balan-balan. Ta tada mota. Babu fitila. Ta kashe, ta tayar. Babu.

"Halleluya," ta ce. "Ashe ka iya."

Aloysius ya gyara tsayuwa. Ya fara cewa ai wuta ba ta ƙarya, sai Jamiluddeen ya taso daga benci, yana karkaɗe wando.

"Mama, barka. Amma tunda hanyar Zonkwa ce, ko hadari zai iya tasowa. Ki ɗan kunna fitilar da hannu mu gani, don mu ma mu ƙaru."

Ta murɗa makunni. Ta sake murɗawa. Ta leƙo ta taga.

"Ina fitilan?"

Jamiluddeen ya tsaya gaban Aloysius ya buɗe tafin hannu, cikin ladabi, har da ɗan rusunawa.

"Baba, na aljihun gaba."

Aloysius ya ciro su ya zuba masa. Jamiluddeen ya mayar da su gurbinsu, fitilu suka kama. Sannan ya zura hannu ta taga, ya kama gezar shimfiɗar da yatsa biyu, ya ja ta baya kamar kamu ɗaya. Rana ta sauka a kan ɗan baƙin ƙullutun. Motar ta ɗan yi tunani. Fitilu suka mutu.

"Shi ke nan, Mama. Ido ne da ita a nan. Kada a rufe."

Dariyar da aka riƙe kwana huɗu ta fashe gaba ɗaya. Mai kunu ta zauna a ƙasa. Aloysius bai ga abin da aka ja ba, bai ga abin da aka nuna ba. Ya juya kai hagu da dama yana tambaya, "Mene ne? Me ya taɓa?" Wannan ya ƙara wa dariyar ƙarfi.

Mama Hulda ba ta yi dariya ba. Ta fito daga mota ta tsaya gabansa kamar yadda take tsayawa gaban 'yan aji shida.

"Da ka bar ni na hau hanya ba fitila? Da amarya a ciki? Tsoho da kai. Ka je ka tuba."

Ƙasimu ya zo daga baya, ya dafa kafaɗarsa, ya ce masa a hankali ba sai ya yi gaggawa ba, ko Litinin da yamma ma ya yi.

Aloysius ya kai makullin rumfar Litinin da safe. Jamiluddeen ya yi wa rumfar shuɗin fenti, ya kuma nuna halin kirki, ya bar masa ƙusa ɗaya a jikin ginshiƙi inda zai rataya testarsa in yana so. Bai so ba. Yanzu Aloysius yana zama a gefen rumfar Oby a kasuwa, da faranti a cinya, yana sayar da fis. Yana jera su bisa lamba, Oby tana sake jera su in ya tafi fitsari. Duk direban da ya tsaya saye, sai ya gaya masa cewa daga Gwantu har Zonkwa babu wanda ya san wutar mota kamar shi, da ƙaramar murya, don Oby ta ce yana korar masu sayen manja.

Mama Hulda kuwa tun kafin ta fita daga layin makanikai ranar Juma'ar ta mayar da shimfiɗar yadda take, har gindin gilashi, domin matan da suka saƙa ta za su zo bikin kuma za su duba. Ranar Asabar aka kai amarya coci a Zonkwa da fitila a kunne. Babu wanda ya lura. Motoci goma sha ɗaya ne a ayarin, kuma duk sun kunna nasu.